Fatar da Za Ta Shiga Gidanmu

A gidanmu ba a kashe guza. Ba a cin namansa, ba a jifansa, ba a shigo da fatarsa ko da a jikin kuben wuƙa ne. Da wannan na buɗe ido, kamar yadda na buɗe ido na tarar da ruwa a bayan gidanmu.

Ƙauyenmu ƙarami ne, a gefen kogi cikin ƙasar Kazaure, ta wajen da mutum ke hango duwatsun Roni. Kusan kowa masunci ne, noma kuwa na damina ne kawai don kada a sayi gero. In rani ya yi kogin yakan tsinke, ya bar gurabe masu zurfi nan da can, a cikinsu ake su. Kowane gida da goransa, wato babban duman nan da masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi iyo, da komarsa ta kamun kifi, da wurin banda a bayan ɗaki. Tufafinmu ƙarni, hannuwanmu ƙarni. Malaminmu na allo yakan ce ko ya rufe ido zai ware allunan 'ya'yan masunta daga na sauran yara.

Kakata ta wajen uba ita ta gaya mini dalilin guza. Tana zaune tana fede tarwaɗa, ni kuma ina korar mata ƙuda, sai ga wani ƙaton guza ya fito daga cikin ciyawa ya miƙe a kan dangarmu yana shan hantsi. Na ɗauki hoge. Kafin in ɗaga hannu ta make ni da bayan wuƙa.

“Kai mijin banza, kakanka za ka jefa?”

“Iya, wannan ne kakana? To ke matarsa ce ke nan.”

“Ga bakin nan kamar na ƙawara. Zauna ka ji.”

Ta ce kakanmu na farko ya taso ne daga arewa cikin wata shekarar fari, shi da iyalinsa, ƙishirwa ta kusa halaka su a daji. Sai ya ga sawun guza a kan yashi. Ya san guza ba ya nisa da ruwa, ya bi sawun har ya kawo shi gurbin da muke sha yanzu. A nan ya yi alkawari, shi da zuriyarsa ba za su taɓa guza ba. Shi ne kan gidanmu. Wasu gidajen nasu kada ne, wasu maciji, mu namu guza.

Ni ne ɗan fari, saboda haka babana bai taɓa kiran sunana ba. “Kai” ne, ko “wannan yaron”. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma yana son kiɗa. Na faɗi wannan ne don mutane da yawa in sun ji labarina sukan ɗauka kiɗan ya ƙi. In mun fito daga ruwa muka jingine gorunanmu, mu yara mukan zauna muna buga su da tafin hannu, kowane gora da muryarsa, babban na Baba ya fi kowanne zurfi. Yakan tsaya yana gyaran koma, ƙafarsa tana bin kiɗan, shi bai ma sani ba. Shekarar da aka sami mulkin kai ina cikin ƙananan surori a makarantar allo, ban fahimci abin da aka samu ba, amma na tuna ranar Baba ya ce mu buga mu ƙara, tun da an ce yau ranar murna ce.

Bayan wannan da 'yan shekaru na fara bin sa kasuwar Gwiwa, mu ɗora wa jaki bandar kifi. A nan na fara jin kukuma. Wani mutumin Roni ne, siriri, mai hula ja da ta koɗe, yana zaune a gindin tsamiya kusa da masu fura. Abin da ke hannunsa bai fi ƙoƙon shan ruwa ba, da 'yar sanda, da tsarkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, da ɗan bakan da yake goga ta da shi. Amma muryar da ke fita daga ƙoƙon nan kamar ta mutum ce. Tana tambaya, tana ba da amsa, tana yin dariya, in ya matse yatsa kuma sai ta yi kuka irin na yaron da aka yaye. Na saki igiyar jaki ban sani ba. Shi kansa Baba ya tsaya.

Da mutumin ya huta na matsa kusa. Ya ga idona, ya miƙo mini ita. Na karɓa da hannu biyu, na shafa fuskar ƙoƙon. Fatar tana da ƙananan gidaje a jere kamar saƙar tabarma.

“Maigida, wannan fatar mene ne?”

“Guza mana. Duk kukumar da ka gani a duniya guza ce, ko damo.”

Ban san lokacin da Baba ya karɓe ta daga hannuna ba. Ya riƙe ta ta sanda, da yatsu biyu, ya mayar wa mai ita, ya ba shi haƙuri. Muka sayar da kifinmu muka juyo. Sai da muka iso mashigi ya ce in sauka in wanke hannuna da yashi. Na wanke. Ya ce in ƙara.

“Kai, ka ji abin nan ya yi maka daɗi ko?”

“I, Baba.”

“Ni ma ya yi mini. Ban hana ka kiɗa ba. Amma ranar da ka mallaki fatar guza, ba za ka kwana a gidana ba, ba za ka shiga ruwa tare da mu ba.”

“To in damo ne fa?”

“Damo ƙanin wa?”

Iyakar maganar ke nan. Bai sake ta ba, ni ma ban sake tambaya ba. Amma tun daga ranar na san abu biyu nake so, kuma ban yarda in saki ko ɗaya ba. Ina son kukuma, ina son gidan ubana.

Na fara haɗa tawa da gwangwanin madara da guntun fatar akuya da na roƙa wajen mahauta. Gashin doki kuwa a Kazaure na samo, wajen wani mai kula da dawaki, bayan na kai masa kifi. Kowace ranar kasuwa, in mun gama ciniki, Baba yakan zauna wajen abokansa ya bar ni in je gindin tsamiya. Mutumin Roni ya zama ubangidana a kiɗa. Yana goga tasa, ina goga tawa daga nesa kaɗan. Ya nuna mini yadda ake shafa wa baka ƙaro don ya kama tsarkiya, da yadda ake ɗora yatsu a gefen tsarkiya ba tare da an danne ta ba, da inda ake ajiye jaki, wato ɗan itacen da ke ɗage tsarkiya daga kan fata. Hannuna ya kama da wuri. Murya ce babu a gwangwanin nawa.

“Ɗan masunta, tsaya, tsaya. Wa ya ɗaure akuya a nan?”

Masu fura su kwashe da dariya.

“Maigida, ai hannun daidai yake.”

“Hannu daidai, amma mai akuyar zai zo neman abarsa. Fatar akuya kauri gare ta, ta ganga ce. Kukuma tana son fata mai sirantaka wadda ba ta yagewa. Allah ya yi wannan a jikin guza, ni ban san wani wuri ba.”

Da na sauke Alƙur'ani na fara karatun littattafai, sai na kai wa malaminmu maganar. A wajensa na koyi rubutun ajami, har na fara rubuta 'yan waƙoƙina a bayan allo in wanke kafin ya gani. Na same shi da hantsi yana feƙe alƙalami. Na durƙusa na ce, Allah gafarta malam, shin guza haramun ne a taɓa fatarsa?

Ya ajiye alƙalamin. Sannan ya ce, “A littafi ban ga inda aka ce guza kakan wani ne ba. Dukkanmu daga Annabi Adamu muke. Wannan al'adar gidanku ce.”

Raina ya yi fari. Na ɗauka na sami abin da zan kai wa Baba.

“Amma a littafin na ga inda aka ce ka bi mahaifinka matuƙar bai umarce ka da saɓon Allah ba. Ƙin taɓa guza saɓo ne?”

“A'a, Allah gafarta malam.”

“To ka gani. Gidansa ne. Shi kuma kiɗan naka, in ka matsa sai ka yi, ka kiyaye abin da bakinka zai faɗa, kuma kada in ji an kira salla kana goge-goge.”

Na tashi da nauyin da na zo da shi. Duk da haka ban ji haushinsa ba, don ya rufe mini ƙofar da in na bi ta zan yi nadama.

Jarrabawa mafi girma ta zo mini daga ubangidana. Lokacin na zama saurayi, gemu ya fara tsiro. Wata ranar kasuwa ya ciro wata tsohuwar kukuma daga burgamensa, sandarta ta yi baƙi don riƙo. Ya ce ta ubansa ce, shi kuma 'ya'yansa duk ba mai sha'awa, ɗaya ma ya tafi Kano yana koyon tuƙi. Ya miƙo mini.

“Karɓi. Ka ajiye ta a wajena a Roni in kana tsoro. Wa zai gaya wa tsohon?”

Na mayar da hannuwana baya.

“Maigida, ka yi mini rai. Ya ce ranar da na mallaka. Bai ce ranar da ya gani ba.”

“Au, kyautar tawa ce kake mayarwa? A gaban mutane?”

“Ba raini ba ne.”

“To mene ne? Shekara nawa ina fama da kai? Ka je ka yi ta kiɗa wa akuyoyi. Mai ƙarni kawai.”

Ya mayar da ita burgame, ya juya mini baya. Kasuwa da yawa ta ci ba ya amsa gaisuwata. Ina zuwa, in durƙusa, in gaishe shi, in zauna inda na saba. Daga baya ya huce don kansa, amma bai sake yi mini tayi ba.

A hanyar komawa gida ran nan na yi tunani. Guza a ruwa yake rayuwa. In Allah ya sa wannan fatar a jikin wani abin ruwa, ba mamaki ya sa irinta a jikin wani. Mu kuwa ruwa ne gonarmu. Duk abin da koma ta kamo halalinmu ne, ba wanda zai hana shi shiga gida.

Na fara da tarwaɗa, don ba ta da ɓawo. Na feɗe babba, na kankare, na ja fatar a bakin ƙoƙo, na kafe ta da ƙayar aduwa, na shanya a kan rumbu. Kafin la'asar kyanwa ta cinye ta har da gefen ƙoƙon. Na sake, na rataye a rufin ɗaki. Wannan ta bushe, amma maiƙo ya hana ta tauri, ga wari. Innata ta ce ko in fitar da ita ko ta fitar da ni. Na gwada gaiwa, wadda muke haƙowa daga busasshen laka da rani, tata ta yage tun ina ja. Na gwada burduddugi, ƙaton kwaɗon nan, tasa ta yi ƙara mai daɗi na yini guda, jaki ya huda ta. Na kai wa majema a Kazaure fatar kifin da ake kira ragon ruwa su jeme mini da bagaruwa. Suka jeme suna dariya, ta fito laushi kamar tsumma.

Kakata ta sami abin yi.

“Jama'a ku zo ku ga mijina. Maza na kawo wa matansu kifi, ni nawa riga yake tuɓe musu.”

“Iya, in na yi suna ke zan fara yi wa waƙa.”

“Da kwaɗo? Ka bari in mutu tukuna, kada kishiyoyina na lahira su ji.”

Baba yana ganin duk wannan. Bai taɓa cewa bari ba, bai taɓa cewa ci gaba ba. Abu ɗaya na lura, in aka kamo wani baƙon kifi mai kaurin fata, ba ya sa shi cikin na banda. Sai in tarar da shi a gefe, a kan murfin kwando.

Ana nan sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Aka shimfiɗa kwalta, aka datse kogi, ruwan da ke tsinkewa da rani ya zama tafki mai faɗi wanda ba ya ƙafewa. Sa'o'ina suka watse, wasu leburanci wajen masu hanya, wasu Kano, suna dawowa da rediyo da agogo da keke sabo fil. A rediyon nan nakan ji masu kukuma, in ji wurin da hannunsu ya yi daidai da wurin da ya kauce, in san zan iya, amma ba ni da abin yi. Aka fara maganar aurena, na ce a ɗan dakata. Wani abokina ya ce mini, “Kai fa wahalar da kanka kake yi. Zo mu tafi birni, ka sayi kukumarka, ka kama ɗaki. Wa ke zancen guza yanzu?” Na ce masa ya gaida birni.

Sabon ruwan ya jawo baƙin masunta daga gabas, daga wajen Hadejia, da jiragensu da dogayen tarunansu na kamun kifi. Wasunsu in sun keɓe Barbarci suke yi. Akwai wani dattijo a cikinsu mai tsage a fuska, wanda ya kafa bukkarsa kusa da inda nake shanya fatuna. Wata rana ya tsaya yana kallona ina fama da fatar wani kifi.

“Samari, magani kake haɗawa?”

Na gaya masa gaskiya, tun daga guza har zuwa kwaɗo. Bai yi dariya ba. Ya ce su ma a gidansu akwai abin da ba sa ci.

“Ka gwada talibamban?”

“Mene ne shi, Baba?”

“Ba ku da shi a nan? Wani kifi ne mai haƙora kamar na zomo. In ka taɓa shi sai ya sha iska ya kumbura ya zama kamar tulu. Abin da ke kumbura haka bai fashe ba, ai ka san fatarsa ba ta wasa ba ce. Mu can ba mu damu da namansa ba, yara ke ɗaukarsa su yi 'yar ganga.”

Ban iya cin tuwo ba ran nan. Da aka gama girbi na sami Baba a zaure na ce ina neman izini zan tafi cin rani gabas. Ya dube ni.

“Ruwan nan bai ishe ka ba?”

“Akwai kifin da babu a cikinsa.”

Ya gane. Ya ce, “Allah ya tsare. Ka riƙe salla. In ka je ka nemi sarkin ruwansu ka gaishe shi kafin ka sa ƙafa a ruwan mutane.”

Mota ta kai ni Kano, daga nan na hau jirgin ƙasa mai zuwa Nguru, karo na farko a rayuwata. Na sauka a ƙasar Hadejia, na bi kwatancen dattijon har wani ƙauye a tsakiyar fadama, inda ruwa ya fi ƙasa yawa. Na gaida sarkin ruwa, ya haɗa ni da wani mai jirgi, na zama ɗan jan taru. Da suka ji abin da ya kawo ni, sai suka sa mini suna mai talibamban. Duk wanda ya kamo shi sai ya ƙwala mini kira daga jirginsa, “Ga surukinka nan!” ya wurgo mini.

Ranar da na fara riƙe shi na yi tasbihi. Bayansa da ratsi-ratsi, cikinsa fari, jikinsa duk ƙananan ƙayoyi. Ina taɓa shi ya kumbura a hannuna, na danna da yatsa na ji kamar ganga. Amma samunsa bai zama ƙarshen wahala ba. Na farko na yanka ta ciki, ashe cikin ne wurin da ake so, na ɓata shi. Na biyu na shanya a rana, ya ƙanƙance ya tsage ƙoƙon. Wata tsohuwa mai banda ce ta ce in yanka ta baya, in kankare ƙayoyin da bakin cokali tun fatar tana ɗanya, in ja ta a hankali ta kowane gefe, in bar ta ta bushe a inuwa. Ƙanana ba sa rufe bakin ƙoƙo, manya kuwa ba kullum ake samu ba. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ruwa ya fara ja da baya, abokan aikina suka fara shirin komawa gona. Ni ina nan.

Gab da faɗuwar damina aka kamo wani babba. Na yi masa duk abin da tsohuwar ta ce. Da ya bushe na ƙwanƙwasa da farce, na ji ya amsa. Na huda ƙaramar kafa a gefe, na ɗaura tsarkiya, na ɗora jaki, na shafa ƙaro, na yi bisimilla na goga.

Muryarta ba irin ta kukumar ubangidana ba ce. Ta fi ta kauri kaɗan, da 'yar dishewa a ƙasa, kamar muryar mutumin da ya tashi daga barci. Amma tana magana. Na matse yatsa ta yi kuka, na saki ta yi dariya. Masu gyaran taru suka ajiye aikinsu. Na goga har aka kira azahar, na ajiye na yi alwala, na yi sujada ta godiya bayan salla.

Na iso ƙauyenmu da hantsi. Ban shiga gida ba. Na tsaya a ƙofar zaure da kukumar a naɗe cikin tsumma, na aiki wani yaro ya ce ana sallama da maigida. Baba ya fito, ya ga ni ne, ya ga abin da ke hannuna. Na durƙusa na gaishe shi. Ƙannensa biyu suka fito, maƙwabta suka fara taruwa, kakata ta dogaro sandarta har bakin zaure.

Na warware tsumman na miƙa masa. Bai karɓa ba.

Sai a lokacin na dube ta da idonsa. Fatar ta bushe ta yi ruwan ƙasa, gurbin ƙayoyin da na kankare ya bar ɗigo-ɗigo a jere, ga ragowar ratsi a gefe. Wanda bai sani ba zai rantse guza ce. Ɗaya daga cikin baffannina ya ce, “Yaya, wannan ai ita ce. Yaron nan ya je birni ya sayo, ya zo yana mana tatsuniya.”

“Baba, kifi ne. Talibamban ake ce masa. Da hannuna na feɗe shi.”

“Mu dai ba mu taɓa jin kifi mai wannan suna ba,” in ji baffan.

Ba ni da shaida. Dattijon da ya ba ni labari ya riga ya tashi da jirginsa. In Baba ya ce guza ce, magana ta ƙare, don ba zan yi musu da shi a gaban jama'a ba.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce a kawo masa ruwa a moɗa. Ya karɓi kukumar ta sanda, ya tsoma yatsunsa a ruwa ya yayyafa wa fatar, ya ƙara, har ta jiƙe sharkaf. Ya jira kaɗan, ya murza ta da babban yatsa, ya kai hancinsa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya miƙa wa baffan da ya yi magana, shi ma ya shinshina, ya miƙa wa ɗan'uwansa. Kakata ta ce a ba ta.

“Uhm. Wannan ko a kabari aka kawo mini na san ƙarni ne.”

Baba ya karɓa, wannan karon da tafin hannunsa ya tallafi ƙoƙon.

“Kifi ne,” ya ce. “Shigo da abinka.”

Ya juya ya shiga, na bi bayansa, jama'a suka biyo mu har tsakar gida. Aka shimfiɗa tabarma. Innata ta leƙo daga ɗakin girki. Aka ce to, a ji. Na gyara zama na ɗora baka na goga, sai ta yi wani irin gurnani kamar an taka kwaɗo. Ruwan ya saki fatar, jaki ya nutse a cikinta.

Dariya ta ɓarke. Kakata har da riƙe ciki.

“Wannan ka je gabas ka ɗauko? Ai da ka tambaye ni, akwai su a bayan randa.”

“Iya, jiƙa ta aka yi. Sai ta bushe.”

“To a sa ta a rana mana,” in ji baffana.

“Rana za ta tsage ta. Sai inuwa.”

Baba ya dubi kukumar, ya dubi hannunsa da ya jiƙa ta. Ya tashi da kansa ya rataye ta a ƙarƙashin rumfar da yake ajiye komarsa, inda iska ke ratsawa. Maƙwabta suka gaji da jira suka watse. Aka kawo mini fura na sha. Muka yi azahar, muka dawo muka zauna, ni da shi, yana ɗinkin koma ina miƙa masa zare. Yana tambayata yadda mutanen gabas ke jan taru, ina ba shi labari. Can sai ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ya ce da saura. Bayan la'asar ya sake ƙwanƙwasawa, ta amsa.

Ya sauko da ita ya miƙo mini.

“Goga mu ji. Amma ka yi a hankali, kakarka ta kwanta.”

“Ban kwanta ba,” in ji ta daga ɗaki.

Na shafa ƙaro, na yi bisimilla.